Matsin da Daskararrun Abubuwa ke Yi: Tambayoyi da Amsoshi ga Ɗaliban Fiziks a Jos

Tambayoyin da ke ƙasa su ne irin waɗanda ɗaliban babbar sakandare a Jos suka fi yi a kan matsin daskararrun abubuwa, musamman masu shirin jarrabawar WAEC, NECO ko JAMB. A duk lissafin an ɗauki g, wato saurin da jan ƙasa ke ƙara wa abin da ke faɗuwa, a matsayin 10 m/s², kamar yadda takardun jarrabawa suka saba bayarwa. Alƙaluman da aka gabatar da kalmar "a ce" na misali ne, an zaɓe su domin lissafi ya zo da sauƙi.

Mene ne matsi, kuma me ya raba shi da ƙarfi?

Ƙarfi shi ne turi ko ja da wani abu yake yi wa wani, kuma da niyuton ake auna shi. Matsi kuwa shi ne kason wannan ƙarfi da ya faɗa wa kowane murabba'in mita na wurin da abubuwan biyu suka haɗu. Ana rubuta shi da P = F/A, inda P take matsi, F ƙarfin da ke danna wurin a tsaye, A kuma faɗin wurin haɗuwar. Don haka sanin nauyin kaya bai isa ya bayyana abin da kayan zai yi wa ƙasa, ko bene, ko fatar mutum ba, sai an san faɗin wurin da ya zauna a kai. Buhun siminti mai kilogiram 50 yana danna ƙasa da niyuton 500 ko an kwantar da shi ko an tsayar da shi, amma a kan yashi mai laushi tsayayyen buhun ne zai fi lotsawa, domin nauyin nan ya taru a ƙaramin wuri.

Da wane ma'auni ake auna matsi?

Ma'auninsa faskal, ana taƙaita shi da Pa, kuma faskal ɗaya daidai yake da niyuton ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. An sa masa sunan Blaise Pascal, masanin lissafi da kimiyya ɗan ƙasar Faransa wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, kuma a 1971 aka shigar da sunan cikin tsarin ma'aunai na duniya. Faskal ƙaramin ma'auni ne ƙwarai. Fallen farar takardar buga rubutu, irin mai giram 80 a kowane murabba'in mita, idan aka shimfiɗa shi a kan tebur yana yin matsin faskal 0.8 kacal. Shi ya sa amsoshin lissafi kan zo da dubbai ko miliyoyi, kuma kada ɗalibi ya tsorata idan ya ga haka. Ana taƙaita dubu da kilofaskal, kPa, miliyan kuma da megafaskal, MPa.

An ba ni kilogiram a tambaya. Zan iya raba shi da faɗi kai tsaye?

A'a. Kilogiram ma'aunin mas ne, wato yawan abin da ke cikin jiki, alhali abin da dabarar take nema shi ne ƙarfi. Sai an fara ninka mas da g a samu nauyi da niyuton, W = mg, sannan a raba. Wanda ya raba kilogiram da faɗi zai samu amsar da ta gaza ta gaskiya sau goma, kuma masu tsara tambayoyin zaɓi suna iya ajiye wannan amsar ta kuskure a cikin zaɓuɓɓuka tana jiran mai gaggawa.

Ta yaya bulo ɗaya zai yi matsi iri uku, alhali nauyinsa bai sauya ba?

Wannan ita ce tambayar da darasin gaba ɗaya ya rataya a kanta, kuma duk wanda ya warware ta da hannunsa ya kama zaren. Mu ɗauki toshasshen bulo mai inci shida, wanda ba shi da rami, irin wanda magina ke sawa a fandisho. Tsawonsa milimita 450, tsayinsa 225, kaurinsa 150. A ce mas ɗinsa kilogiram 27 ne, nauyinsa ke nan niyuton 270. Bulon yana da fuskoki iri uku da zai iya zama a kansu.

Idan aka kwantar da shi a kan babbar fuskarsa, faɗin shi ne 0.45 × 0.225 = 0.10125 m², matsin kuma 270 ÷ 0.10125, kimanin faskal 2,667. Idan aka ajiye shi yadda magini yake jera shi a bango, faɗin ya koma 0.45 × 0.15 = 0.0675 m², matsin ya zama faskal 4,000. Idan kuwa aka tsayar da shi a kan ƙaramar fuskarsa, faɗin 0.225 × 0.15 = 0.03375 m² ne, matsin ya haura zuwa faskal 8,000. Daga nan ƙa'idar da jarrabawa ke yawan tambaya ta fito: matsi mafi girma yana zuwa ne daga fuska mafi ƙanƙanta, mafi ƙanƙanta kuma daga fuska mafi faɗi.

Akwai wata hanya ta duba amsar, wadda ɗalibai da yawa suke tsammanin ta ruwa ce kaɗai. Ga abin da faɗinsa bai sauya ba daga sama har ƙasa, kamar wannan bulo, matsin da ke gindinsa daidai yake da dansiti × g × tsayi, dansiti kuwa shi ne mas ɗin da ke cikin kowace kubik mita. Dansitin bulonmu kimanin kilogiram 1,778 ne a kubik mita, kuma idan aka ninka shi da 10 da tsayin mita 0.45 na bulon da aka tsayar za a dawo ga faskal 8,000. Wannan ya nuna dalilin da ya sa tsayayyen bulo ya ninka kwantacce sau uku daidai: tsayin 450 ninki uku ne na 150. Haka nan gunkin dutsen giranait, irin wanda ya cika duwatsun Shere da Riyom, mai dansitin kimanin kilogiram 2,700 a kubik mita, idan aka sassaƙe shi gefunansa suka miƙe, zai yi matsin faskal 27,000 a kan kowace mita ta tsayinsa, komai faɗinsa.

To, bulo mai rami fa?

Faɗin da ake lissafawa shi ne wanda ya taɓa ƙasa da gaske. Rami ba ya ɗaukar nauyi, saboda haka sai a cire faɗin ramukan daga faɗin fuskar. Idan ramukan sun cinye rabin fuskar, matsin gaskiya ya ninka wanda za a samu da ma'aunin waje sau biyu. Haka lamarin tebur yake: faɗin gindin ƙafafunsa huɗu ake haɗawa, ba a kallon faɗin samansa ko kaɗan.

A ina ɗalibai suka fi zubar da maki?

A wajen mayar da santimita zuwa mita. Kowa ya haddace cewa mita ɗaya santimita 100 ce, sai a ɗauka cewa murabba'in mita ma murabba'in santimita 100 ne, alhali 100 × 100 ne, wato 10,000. Na milimita kuwa 1,000 × 1,000 ne, miliyan ɗaya cur. Mafi aminci shi ne a mayar da kowane gefe zuwa mita tun kafin a ninka, kamar yadda aka yi da bulon nan. A ganina malamin da ya ba da rabin darasi ga wannan sauyi kaɗai bai ɓata lokaci ba, domin ita dabarar P = F/A ba ta cika gagarar kowa ba. Kuskure na biyu shi ne rubuta amsa ba ma'auni, wanda a sashen rubutu yakan jawo asarar maki ko da lambar daidai ce.

Me ya sa wuƙa mai kaifi take yanka, dakusasshiya kuma ta ƙi?

Mahaucin da yake wasa wuƙarsa ba ƙarfin hannu yake ƙara wa kansa ba, faɗin bakin wuƙar yake ragewa, sai ƙarfin da ya saba sawa ya ba da matsin da ya fi ƙarfin jijiyoyin nama. Allura, ƙusa, gatari, bakin fartanya da digar mai haƙa duk a kan wannan hikima aka ƙera su. A ce mutum ya danna ƙusa da niyuton 20, kanta yana da murabba'in santimita ɗaya, tsininta kuma kashi ɗaya cikin goma na murabba'in milimita. A kan yatsansa matsin faskal 200,000 ne, a kan katako kuwa faskal 200,000,000, ninki dubu.

Ana iya jin wannan a jiki ba tare da wani kayan gwaji ba. A riƙe feraren fensir tsakanin yatsu biyu, tsininsa a kan ɗaya, gindinsa a kan ɗayan, a matsa a hankali. Tun da fensirin bai motsa ba, ƙarfin da ke kan yatsun biyu daidai yake, amma yatsan da ke wajen tsini ne zai ji zafi har ya lotsa.

Gammo yana rage nauyin kaya ne?

Ba ya rage ko giram ɗaya, har ma ɗan nauyinsa yana ƙaruwa a kan kayan. Gindin kwano ko na tire yana da tauri, kan mutum kuma a lanƙwashe yake, saboda haka idan babu gammo sai su haɗu a ɗan ƙaramin wuri a tsakar kai. Gammo yana bin siffar kan, ya faɗaɗa wurin haɗuwa, matsin ya sauka. A ce ɗan dako a kasuwar Farin Gada ya ɗauki kayan niyuton 300. Idan wurin haɗuwar murabba'in santimita 10 ne, matsin faskal 300,000 ne, idan gammo ya mayar da shi 100, matsin ya koma 30,000. Sai dai wuya da gadon baya suna nan suna ɗauke da niyuton 300 ɗin cif, don haka gammo ba hujja ba ce ta ɗora wa yaro kayan da suka fi ƙarfinsa.

Faffaɗar igiyar jakar makaranta da katifa aikinsu ɗaya ne da gammo. A asibiti kuma batun ya wuce jin daɗi, domin majinyacin da ya daɗe kwance a gefe guda, matsin da ke kan wuraren da ƙashi ya turo, kamar ƙugu da diddige, yakan tsayar da gudun jini a ƙananan jijiyoyi har gyambo ya fito. Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikatan jinya suke juya irin wannan majinyaci lokaci bayan lokaci.

Yaya katafila mai tan da yawa take ratsa taɓon da ƙaramar mota ke kafewa a ciki?

A ce katafilar tan 20 ce, wato niyuton 200,000, tana tafiya a kan sarƙoƙi biyu, kowace tana taɓa ƙasa da tsawon mita 3 da faɗin mita 0.6. Jimillar faɗin 3.6 m² ne, matsin kuma kimanin faskal 55,600. Ita kuwa mota, matsin da tayarta ke yi wa hanya yana kusa da matsin iskar da ke cikin tayar. Gejin mai faci yakan nuna wajen 32 a ma'aunin psi ga ƙaramar mota, kuma tun da psi ɗaya kimanin faskal 6,895 ne, wannan ya kai wajen faskal 220,000. Motar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin katafila ba tana danna ƙasa da matsin da ya ninka nata kusan sau huɗu. Idan motar kilogiram 1,200 ce, kowace taya tana taɓa hanya ne da wajen murabba'in santimita 136, kamar faɗin tafin hannun babban mutum.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa direban da ya kafe a yashi yake sassauta iskar taya ko ya shimfiɗa katako a gabanta, da dalilin da ya sa tirela take da tayoyi masu yawa, da kuma amfanin faffaɗan tafin ƙafar raƙumi a sahara.

Mece ce alaƙar wannan darasi da gini?

Kowace irin ƙasa tana da iyakar matsin da za ta ɗauka kafin ta lotsa. Dutse yana ɗaukar mai yawa, jar ƙasa mai tsakuwa tana biye, laka da ƙasar ciko kuwa kaɗan suke iyawa. Aikin fandisho shi ne ya karɓi nauyin bango ko ginshiƙi ya baza shi a kan faɗin da zai sa matsin ya sauko ƙasa da wannan iyaka. Ginshiƙin da ke ɗauke da niyuton 300,000, idan gindinsa 0.25 × 0.25 ne da mita, zai danna ƙasa da faskal 4,800,000, amma idan aka zaunar da shi a kan faifan kankare mai mita 1.5 kowane gefe, matsin zai sauko zuwa kimanin faskal 133,000. A Jos wannan ba zancen littafi ba ne kawai, domin haƙar kuza ta shekaru masu yawa ta bar ramuka da tulin ƙasa a yankuna irin su Bukuru da Rayfield, kuma filin da aka cike yana bukatar gwajin ƙasa kafin a ɗora masa bene.

Layin dogo, wanda ya iso Jos daga Kafanchan a 1927, misali ne na rage matsi hawa-hawa. Wurin da ƙafar jirgi ta ƙarfe take taɓa layi bai wuce murabba'in santimita ɗaya ko biyu ba, kuma matsin da ke nan ɗaruruwan megafaskal ne, wanda ƙarfe kaɗai zai jure. Layin yana raba nauyin ga gungumen da aka gitta a ƙarƙashinsa, su kuma su miƙa wa tsakuwa, tsakuwa ta baza shi a kan ƙasa.

Masu ajiye kaya a saman bene ma su lura. Buhun siminti goma a jere ɗaya bisa ɗaya niyuton 5,000 ne, kuma idan kwantaccen buhu ya ci 0.25 m², matsin faskal 20,000 ne. Benen gidan zama kuwa akan tsara shi ne don ɗaukar mutane da kayan ɗaki na kimanin faskal 1,500 zuwa 2,000. Wanda ya cika ɗakin sama da irin wannan jeri ya ɗora wa benen wajen ninki goma na abin da aka shirya masa.

Idan ƙarfin ya zo a karkace fa?

Kason da ya danna wurin a tsaye kaɗai ke shiga lissafi. Ƙarfin niyuton 100 da ya yi kusurwar digiri 30 da daɓe yana danna daɓen da 100 × sin 30°, wato niyuton 50. Abin da aka ajiye a kan gangara kuwa yana danna ta da mg cos θ, inda θ take kusurwar gangarar, don haka matsin yana raguwa gwargwadon yadda gangarar ta ƙara tsini. Mai baro da ya haɗu da taɓo yakan juya ya ja baron maimakon ya tura, domin turi yana ƙara cusa tayar a ƙasa, ja kuma yana ɗan ɗaga ta.

Matsi yana da alkibla kamar ƙarfi?

Ba shi da ita. A jarrabawa ana sa matsi cikin ma'aunan da girma kaɗai suke da shi, tare da mas da lokaci da zafi. Ƙarfin da ya haifar da shi ne yake da alkibla.

Da me matsin daskararren abu ya bambanta da na ruwa?

Bulo yana danna abin da ke ƙarƙashinsa ne kawai, ba ya tura iskar da ke gefensa ko bangon da bai jingina da shi ba. Ruwa kuwa yana matsa gindin mazubi da gefunansa, kuma ƙarin matsin da aka yi wa ruwan da ke rufe yana isa ko'ina a cikinsa daidai wa daida. Wannan ita ce ƙa'idar Pascal, wadda birkin mota da jak mai aiki da mai suka dogara a kanta.

Hatsi yana tsakanin biyun. Masara ko acca a rumbu tana tura bango kamar ruwa, amma gogayyar ƙwayoyin da bango tana sa bangon ya ɗauke wani ɓangare na nauyin, har ta kai a dogon rumbu matsin gindi ya daina ƙaruwa sosai ko da an ci gaba da zuba hatsi. Wani injiniya Bajamushe mai suna Janssen ya bayyana wannan a 1895. Ba a nemansa a manhajar sakandare, amma yana hana ɗalibi ɗora dabarar dansiti × g × tsayi a kan kowane irin tuli ba tunani. Tumatirin gindin babban kwando kuwa yana fashewa ne saboda yana ɗauke da na samansa a kan 'yan ƙananan wuraren da suka taɓa juna, musamman idan aka ɗora wani kwandon a bisa. Akwatin roba mai gajeren zurfi yana rage tsayin tulin, kuma idan aka jera akwatunan, gefunansu ne ke ɗaukar nauyin na sama.

Kasancewar Jos a tudu yana sauya lissafin?

Jos tana bisa tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, kuma wannan tsayi yana rage g da abin da bai kai 0.004 m/s² ba, wanda ba ya tasiri a lissafin aji. Matsin iska ne yake sauka a fili, daga faskal 101,325 a bakin teku zuwa wajen 87,000 ko 88,000, shi ya sa ruwa ke tafasa a nan kafin ya kai digiri 100. Ba a haɗa matsin iska da amsar tambayar bulo sai an nemi hakan a fili.

Faɗin wurin haɗuwa yana ƙara gogayya?

A matakin sakandare, a'a. Gogayya tsakanin busassun daskararrun abubuwa ta dogara ne ga ƙarfin da ke danna su da kuma yanayin fuskokinsu, kamar yadda Amontons ya nuna a Faransa a 1699. Bulon nan zai bukaci kusan ƙarfi ɗaya a ja shi ko a kwance ko a tsaye, duk da cewa matsinsa ya sauya sau uku.

Makarantarmu ba ta da isassun kayan gwaji. Wane gwaji za mu iya yi?

Ana bukatar takardar giraf mai gidajen santimita ɗaya, fensir, da sikelin awon mutum. Ɗalibi ya taka takardar da takalmi mai shimfiɗaɗɗen tafi, abokinsa ya zagaye gefen takalmin da fensir. Sai a ƙirga cikakkun gidajen da ke cikin zanen, a haɗa da duk gidan da rabinsa ko fiye ya shiga, a bar sauran. A ce an samu gida 150, kuma ɗalibin kilogiram 50 ne. Faɗin ƙafa ɗaya 0.015 m² ke nan, saboda haka idan ya tsaya da ƙafa biyu matsin 500 ÷ 0.03 ne, kimanin faskal 16,700, idan ya ɗaga ɗaya ya zama 33,300. Daga nan a lissafa abin da zai faru da duk nauyin nan zai koma kan dunduniyar takalmi mai tsini ta murabba'in santimita ɗaya: faskal 5,000,000, wanda ya ninka na katafilar da aka lissafa a sama kusan sau casa'in, kuma ya isa ya huda ledar ɗaki.

Ga gwajin bulo kuma, a cika faranti mai zurfi da lallausan yashi, a baje samansa da rula, a ɗora bulon a hankali a kan kowace fuska, a auna zurfin shaidar da ya bari. A riƙa sassauta yashin ana sake baje shi kafin kowane awo, domin yashin da aka riga aka danne ba ya lotsawa kamar sabo, kuma hakan zai ɓata kwatancin.